Ka Karɓi Takardarka Tun Alƙalin Yana Kan Kujera

Ɗana, mutanenmu suna gudun kotu, kuma ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin nan tun hantsi har azahar yana jiran a kira sunansa, ba zai yi marmarin komawa ba. Shi ya sa ranar da alƙali ya yanke hukunci, sai kowa ya kaɗe rigarsa ya kama hanya. Wanda ya yi nasara ya tafi gida ana yi masa barka. Wanda bai yi ba ya tafi yana cewa ya bar wa Allah. Su duka biyun sukan manta abu guda. Ba wanda ya tsaya ya karɓi takarda.

To, a kan wannan takardar nake so mu yi magana. Na san halinka, ba ka da abokin faɗa. Allah ya sa ka gama da duniya ba ka taka ƙofar kotu da rigima ba. Amma rabon gado yakan kai mutum gaban alƙali ko da kowa ya yarda da kowa. Haka sayen gida. Haka kuɗin mamaci da suka rage a banki. Haka auren ƙanwarka in ya zo da gardama, Allah ya kiyaye. Mutumin kirki ma yakan wayi gari yana neman wata tsohuwar takarda ido rufe.

Ka fara sanin cewa abin da aka yi a kotu ba sirrin alƙali ba ne. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 36, ya ce a fili ake yin shari'a. Kowa na iya shiga ya zauna ya saurara, sai a 'yan wurare da doka ta ware, kamar shari'ar yaron da bai kai shekara 18 ba. Wannan sashen ya ƙara da cewa wanda aka yi wa shari'ar laifi, wajibi ne kotu ta rubuta abin da ya gudana, kuma shi ko wakilinsa yana da haƙƙin karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7 da gama shari'ar. Sashe na 294 kuma ya ɗora wa manyan kotuna su ba da hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan an rufe shaida da jawaban ƙarshe, su kuma ba ɓangarorin biyu kwafinsa cikin kwana 7. Na san a aikace kwanakin sukan zarce haka. Ma'aikata kaɗan ne, fayiloli kuwa tuli. Amma in ka san wannan, za ka shiga ofishin da natsuwa. Haƙƙinka ka zo karɓa, babu abin jin nauyi a ciki.

Takardar kuma ba iri ɗaya ba ce, nan mutane da yawa ke rikicewa. Akwai kwafin hukunci, wato abin da alƙali ya yanke da dalilansa. Akwai kwafin shari'a, shi ne labarin gaba ɗaya tun daga ranar da aka kai ƙara: da'awar mai ƙara, amsar wanda ake ƙara, abin da kowane shaida ya faɗa, da ranakun da aka ɗaga zama. Akwai takardar umarni, gajeriya, wadda ake kai wa banki ko 'yan sanda ko wani ofishi. A kotunan Shari'a kuma, bayan rabon gado, akwai takardar mallaka da ake ba magaji, mai nuna kasonsa da iyakokinsa. In an tambaye ka me kake so, kada ka ce "takardar shari'armu" kawai. Ka faɗi wacce. In maganar gida ce ko gona, ni dai shawarata ka nemi kwafin shari'ar duka, ka haɗa da takardar mallaka. Kuɗin ya ɗan fi yawa, amma a cikin kwafin shari'a ne za ka ga wanda ya ce ya yafe kasonsa, da wadda ta ce an biya ta, da sunayen waɗanda suka je awon gidan.

Sai kuma sanin ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Takarda tana zama ne a kotun da ta yi shari'ar. A Kano, Babbar Kotun Jiha tana Sakatariyar Audu Baƙo, wasu ɗakunanta kuma suna Miller Road a Bompai. A Babbar Kotun ne ake neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda bankuna kan tambaya. Babbar Kotun Tarayya tana Gyaɗi-Gyaɗi. Kotunan majistare suna warwatse, akwai a Nomansland, akwai a Gyaɗi-Gyaɗi da wasu unguwanni. Kotunan Shari'a su suka fi kusa da talaka: Ƙofar Kudu, Shahuci, Fagge, Rijiyar Lemo, Filin Hoki a Hausawa, da sauransu. Mafi yawan maganar aure da saki da gado a irinsu ake yin ta. In an ɗaukaka ƙara, to takardu sun zama biyu. Kotun ƙasa ta tattara kwafin shari'a ta aika sama, kotun sama kuma ta rubuta nata hukuncin. Ka nemi duka biyun, domin na saman shi ne mai magana ta ƙarshe. Mutum yakan riƙe hukuncin da ya ba shi gaskiya yana ta murna, alhali an rushe shi a sama tun tuni.

Mabuɗin duk wannan kuwa shi ne lambar ƙara. Kowace shari'a tana da tata: haruffa, sai lamba, sai shekara. A Babbar Kotun Jiha takan fara da K. A ta Tarayya za ka ga FHC da KN a gaba. Tana nan a saman sammaci, tana kan rasit, tana kan kowace takarda da lauya ya shigar. Ranar da ka fara ganinta, rubuta ta a littafi, ka kuma aika wa wani ɗan'uwanka ita a waya. Da lamba, aikin minti kaɗan ne a gano inda fayil yake. Ba lamba, sai an bi rajista shafi-shafi.

In ka je, kada ka nufi ɗakin alƙali. Ofishin rajistara za ka nema. Rajistara a kotu kamar uwargida ce a tsakar gida, ita ta san inda kowace tukunya take. Za ka tarar da ɗaki cike da fayiloli, wasu a kabad, wasu a jibge har kusa da silin, an ɗaure su da zare, gefensu ya yi ja don ƙura. A kan tebur akwai wani babban littafi mai kauri, bangonsa ya sha hannu. A cikinsa ake shigar da kowace ƙara ranar da aka kawo ta. Ka yi sallama. Ka gaishe su da aiki, ka bari su amsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mutumin da ya wuni yana sauraron masu fushi yakan gane mai ladabi tun daga bakin ƙofa. Ka je da safe, kafin a fara zama, ko bayan an tashi. Lokacin da ake zaman shari'a, hankalin magatakarda yana can.

Ka tafi da takardar neman kwafi a rubuce. Ba sai lauya ya rubuta maka ba, kuma a kotun Shari'a da Hausa ma ta wadatar. Ka sa sunan kotun, lambar ƙara, sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, abin da kake nema, da matsayinka a shari'ar. Ka sa hannu da kwanan wata da lambar waya. Ka yi ta guda biyu, su karɓi ɗaya, su buga maka hatimin karɓa a ɗayar ka riƙe. Ka ɗauki katin shaidarka. In mahaifinka ne ya yi shari'ar kuma ya rasu, ka faɗi haka a takardar.

Za a yi maka lissafin kuɗi, yawanci gwargwadon yawan shafuka. Ka biya inda aka nuna maka, ka karɓi rasit. Ɗana, ka ji wannan da kyau: rasit ɗin wani ɓangare ne na ƙarfin takardar. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 104, ta lissafa abin da ke sa kwafi ya zama tabbatacce, wanda lauyoyi ke kira CTC. A biya kuɗin da doka ta yanka. A rubuta a jikinsa cewa kwafi ne na gaskiya. A sa kwanan wata. Jami'in ya sa hannu, da sunansa da muƙaminsa, ya buga hatimi in yana da shi. Kafin ka bar ofishin, ka tsaya ka duba waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙirga shafuka, kada a tsallake wani. Ka duba sunanka da na mahaifinka, ka duba sunan unguwa, ka duba gabas da yamma na iyakar gidan. In an rubuta Sani a wurin Sunusi, yau gyaransa magana ɗaya ce. Bayan shekara 20 kuwa sai an yi rantsuwa da shaidu. Fotokwafin da ba shi da wannan shaida, Babbar Kotu ba za ta karɓe shi hujja ba, komai kyansa.

A bakin kotu za ka haɗu da masu cewa kawo in shigar maka, na san mutanen ciki. Su ma abinci suke nema, kada ka wulaƙanta su. Ka yi musu godiya ka wuce. Takardar da aka miƙo maka a gindin bishiya, ba ka san hannun da ya buga hatiminta ba. In ta zama ta jabu, kai za a kama da ita.

Kuma ka ɗauki haƙuri a aljihu. Shari'o'i da yawa da hannu alƙali ya rubuta su, sai an buga, an karanta, an gwada da asali. Za a ce ka dawo. Ka tambayi ranar, ka tambayi sunan wanda za ka nema, ka dawo a ranar. Sannu ba ta hana zuwa. In abin ya yi tsawo har ya wuce hankali, ba a yin hayaniya. Ka rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga babban rajistara, ka haɗa da kwafin takardarka mai hatimin karɓa da rasit. Kotunan Shari'a kuma suna da sufetoci masu duba aikinsu. Sau da yawa takarda ɗaya mai kwanan wata takan yi abin da zarya ba ta yi ba.

Wuri guda ne ba na so ka yi nawa. In hukunci bai yi maka daɗi ba kuma kana da niyyar ɗaukaka ƙara, lokaci ƙidayayye ne. A kotun Shari'a za ka ji alƙali ya ce akwai kwana 30. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wata 3 ne a hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 90 a ta laifi, kwana 14 kacal a ƙaramin hukuncin da aka yi ana tsakiyar shari'a. Kwanakin nan ba sa jiran a gama buga maka kwafi. Ka shigar da takardar ɗaukaka ƙarar, ka nemi kwafin a rana guda. Wanda ya makara sai ya roƙi kotu ta ƙara masa lokaci, kuma sai ya kawo dalili mai ƙarfi.

Bari in ba ka labarin wani gida a tsohuwar unguwarmu. Maigidan ya rasu ya bar 'ya'ya maza da mata. Aka je gaban alƙali, aka raba lafiya, ba wanda ya ɗaga murya. Mata biyu suka sami ɗakunan baya da rabin tsakar gida. Da yake suna gidajen mazajensu, sai suka bar wa yayyensu su zauna. Mutanen kirki ne duka. Wace ce za ta ce wa yayanta ba ni takarda? Ai sai a ce ba ta yarda da shi ba. Aka yi shekaru ana zumunci, ana kai wa juna tuwon sallah. Yayyen suka rasu. Maginin da ya yi awo ya rasu. Mai unguwar da ya tsaya a wurin ya rasu. Jikoki suka taso sun ga iyayensu a gidan tun suna goye, suka ɗauka duka nasu ne, suka sa shi a kasuwa. Ba mugunta suka yi ba. Abin da suka sani ke nan.

Ɗaya daga cikin matan tana raye, ta tsufa ƙwarai. Ba ta san lamba ba, ba ta san shekara ba. Abin da ta riƙe shi ne an yi rabon a shekarar da Buhari ya canza kuɗi, tana goyon autanta. Wato 1984 ke nan. Da wannan aka je, wani magatakarda mai haƙuri ya sauko da rajistar shekarar, ya bi ta da yatsa har ya kai kan sunan mahaifinta. Shafin ya yi rawaya, gefensa gara ta taɓa, amma rabon yana nan a rubuce. Haƙƙinta ya dawo. Sai dai kafin a kai nan an yi watanni, an kashe kuɗi, an faɗi maganganun da ba sa komawa ciki. Yau 'ya'yan gidan in sun haɗu a jana'iza, gaisuwa ce sama-sama. Takardar da aka ƙi karɓa don kunya, da ita ce ta tsare zumuncin. Ka tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin, mutanen da suka yarda da juna.

Akwai wani amfanin kuma. Maganar da kotu ta riga ta yanke tsakanin mutum biyu, ba a sake buɗe ta a wata kotun daga farko. Amma alƙalin yau bai halarci zaman jiya ba. In ka ce masa an taɓa yin wannan shari'ar, zai ce ina hujja. Tabbataccen kwafin nan shi ne amsarka.

In tsohuwar shari'a kake nema, sai ka san sunayen kotuna sun sauya. A zamanin En'e kotunan alƙalai ne da majalisar Sarki. A 1968 aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. A 2000 kuma Kano ta maye gurbinsu da kotunan Shari'a. Saboda haka ka tambayi wace kotu ce ta gaji wadda ta yi shari'ar kakanka, tsofaffin ma'aikata sun sani. In asalinku Haɗeja ne ko Gumel ko Kazaure, ka tuna an cire Jigawa daga Kano a 1991, can za ka nufa. Abin da ya shafi zamanin Turawa kuwa, akwai Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, sai a gwada. Kada ka yi zaton kakanninmu ba sa rubutu. Shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 suna nan da Larabci, har wani masanin tarihi, Allan Christelow, ya fassara wasu ya buga a 1994. Rigimar gona da gida da gado ce a ciki, irin tamu ta yau.

To, in kuma ba kai ne ka yi shari'ar ba fa? Misali za ka sayi gida, ka ji ƙishin-ƙishin ana ƙara a kansa. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi mai unguwa da maƙwabta. In mai sayarwa ya ce gado ya ci, ka ce ya nuna maka takardar mallaka, ka ɗauki lambar ka je kotun da ta bayar, a duba maka ko ta dace da abin da ke rajista. A allon kotu kuma akan liƙa jerin shari'o'in da za a saurara. Wanda ya sayi gidan da ake shari'a a kansa, hukuncin da aka yanke zai hau kansa, ko da ya biya kuɗinsa lakadan. A irin wannan nema rajistara zai tambaye ka dalili, kuma daidai ne ya tambaya. In abin ya yi nauyi, ka sa lauya. In ba hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, tana da ofis a Kano. Mata kuma suna da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Na san ku yaran yanzu komai a waya kuke nema. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da na Kotun Ɗaukaka Ƙara akan same su a intanet da littattafan lauyoyi. Amma rabon gadon gidanku yana cikin wancan littafi mai kauri, sai ka taka da ƙafarka. Amfanin wayar yana zuwa bayan ka karɓi takarda. Ka ɗauki hoton kowane shafi, har da rasit, ka adana inda ko wayar ta ɓata ba za su ɓata ba. Ka yi fotokwafi ka riƙa yawo da shi, asalin kuma ya zauna a leda, a cikin akwati, nesa da danshi. Kada ka kai a manne maka shi da roba mai zafi, wasu ofisoshin ba sa son haka, domin ba a iya duba hatimi da kyau.

Ina matsa maka a kan ajiyar nan ne don kotu ma gini ce, abin da ke samun gini yana samunta. A watan Oktoba na 2020 aka ƙone Babbar Kotun Igbosere a Legas. A ranar 1 ga Agusta 2024, lokacin zanga-zanga, ɓata-gari suka afka wa Babbar Kotun Kano a Sakatariyar Audu Baƙo, suka yi ɓarna, aka kuma ba da rahoton sun kwashi takardu. Ban da ruwan sama da gara, masu yin nasu aikin a hankali. Ranar da fayil ya salwanta, kwafin da ke hannun mutane shi ake nema a sake haɗa shi.

Sai amana. Kwafin shari'a yana ɗauke da asirin mutane. A ciki akwai abin da miji ya faɗa a kan matarsa cikin fushi, da bashin da wani dattijo ya ɓoye wa 'ya'yansa. Doka ta ba ka ikon karɓa domin ka kare haƙƙinka. Kada ranar ɓacin rai ka ɗora shi a Facebook ko ka watsa a zauren WhatsApp na dangi. Waɗanda aka ambata a ciki suna da 'ya'ya, kuma 'ya'yan za su nemi aure wata rana.

Ka kuma duba mata na gidanku. Mahaifiyarka, gwaggwanninka, ƙannenka. Su ne suka fi jin nauyin tambaya, kuma su abin ya fi ci in takarda ta ɓace. Wadda aka raba aurenta a kotu tana bukatar takardar a hannunta kafin wani auren. Wadda aka yanka wa kuɗin ciyar da yara tana bukatar kwafin, domin ranar da aka daina kawowa da shi za ta koma. In za ka karɓi taka, ka tafi da su, kowace ta karɓi tata da sunanta, ka karanta mata a hankali har ta gane abin da ke ciki. In yayanku ya ɓata rai, ka ce masa ni na sa ka, ya zo mu yi magana.